Lantarkin iska: Megawat nawa za a iya dogaro da shi?

A tsakiyar hunturu, da hantsi, iskar arewa maso gabas takan kwantar da alkama a gonakin Kadawa, ta tayar da ƙura a kan hanyar Madobi, ta riƙa kaɗa rumfunan masu sayar da tumatir a Kwanar Gafan. Sau da yawa a daidai wannan lokaci ne injinan casar shinkafa na Kura suke tsaye saboda an ɗauke wuta, ko kuma suna aiki da janareta mai shan man dizal da tsada. Wanda ya ga abubuwan nan biyu a rana ɗaya, da wuya bai tambayi kansa ba: me zai hana a mayar da wannan iska wutar lantarki?

Mayar da ita ba abu ne mai wuya ba a yau. Ƙasar Denmak tana samun fiye da rabin wutar da take samarwa daga iska. A Afirka ma, Kenya tana da tashar Tafkin Turkana mai ƙarfin megawat 310, Senegal kuma tana da ta Taiba Ndiaye mai kusan megawat 159. Tambayar da ta fi cin lokacin injiniyoyi ita ce ta biyu: a cikin megawat ɗin da aka rubuta a kan allon tasha, nawa ne za a iya yi wa mai masana'anta alƙawarin zai samu a ranar da yake buƙata, a kuma sa'ar da yake buƙata? Wannan tambaya tana da hanyoyin lissafi sanannu, kuma ya kamata duk mai biyan kuɗin wuta ya san yadda suke.

Darasin Lambar Rimi

Najeriya tana da babbar tashar lantarkin iska guda ɗaya, wato ta Lambar Rimi da ke Ƙaramar Hukumar Rimi a Jihar Katsina. An faro maganarta a zamanin da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yake gwamna, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓi aikin, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila. An tsara kafa manyan fankoki 37, kowanne mai ƙarfin kilowat 275, a kan turaku masu tsawon mita 55. Idan aka haɗa su, ana samun kilowat 10,175, abin da ya sa ake kiranta tasha mai megawat 10.

Aikin ya gamu da cikas iri-iri. A watan Disamban 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwamban 2013. Aikin ya tsaya, kayayyaki suka daɗe a ajiye, aka shafe fiye da shekara goma ana sa ranar kammalawa ana ɗagawa.

A tsawon wannan lokaci, kusan duk bayanin da jama'a suke ji shi ne "megawat 10". Amma ko da an gama aikin a kan kari, kuma babu fanka ko ɗaya da ya lalace, tashar ba za ta riƙa ba da megawat 10 dare da rana ba. Wannan ba laifin ɗan kwangila ba ne, haka ɗabi'ar iska take a ko'ina a duniya.

Abin da ke kan allo da abin da ke shiga waya

Ƙarfin da aka rubuta wa fanka shi ne iyakar abin da zai iya bayarwa idan iska ta kai gudun da aka ƙera shi dominsa, galibi mita 12 zuwa 13 a daƙiƙa ɗaya. Idan gudun iska bai kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa ba, fankan ba ya ba da komai. Idan kuma ta tsananta ta kai wajen mita 25, yakan kashe kansa don kada farfelarsa ta karye.

A tsakanin waɗannan iyakoki akwai wata ƙa'ida da ta sa lissafin yake da wuyar sha'ani. Ƙarfin da ke cikin iska yana hawa ne da gudunta sau gudunta sau gudunta. Idan gudun ya sauka daga mita 8 zuwa mita 4, wato ya ragu da rabi, wutar da za a samu takan koma kashi ɗaya bisa takwas. Haka nan wurin da iskarsa take gudun mita 6 ya fi wurin da take gudun mita 5 da kusan kashi 73 cikin 100, duk da cewa mutumin da ke tsaye a wuraren biyu ba lallai ya ji bambanci a jikinsa ba. Saboda haka ƙaramin kuskure a wajen auna iska yana zama babban kuskure a wajen ƙiyasin kuɗin shiga.

Wannan ne ya sa masana suke amfani da ma'auni na farko, wato kason abin da tasha ta bayar a shekara idan aka kwatanta da abin da za ta bayar da ta yi aiki da cikakken ƙarfinta a duk sa'o'i 8,760 na shekara. Yawancin tashoshin iska na kan tudu suna samun tsakanin kashi 25 zuwa 40 cikin 100. Tashar Turkana, wadda ke wani kwari da iska ba ta cika yankewa ba, takan haura rabi. A ɗauki misali, a ce tasha mai megawat 10 ta samu kashi 25. Ma'anarsa ita ce a matsakaici megawat biyu da rabi take bayarwa.

Sai dai matsakaici ba ya juya injin. Ɗan kasuwar da ake bin mutane bashin Naira miliyan goma a littafinsa ya san cewa ranar da motar kaya ta iso, abin da ke hannunsa shi ne jarinsa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Haka lamarin yake ga mai kula da wuta: yana son ya san abin da zai samu da ƙarfe takwas na dare a ranar da aka fi zafi a shekara.

Yadda ake lissafin yiwuwar gazawa

Tun kafin zuwan lantarkin iska, injiniyoyi suna da hanyar auna amincin wuta. Kowane injin samar da lantarki, na gas ne ko na ruwa, yana da tarihin lalacewa. Daga wannan tarihi ake fitar da yiwuwar a same shi a tsaye a kowane lokaci.

A ce wani gari yana buƙatar megawat 20, yana kuma da injina uku masu megawat 10 kowanne. A ce kowane inji yakan lalace rana ɗaya cikin goma. Idan ɗaya ya tsaya babu matsala, sauran biyun sun isa. Matsala tana zuwa ne idan biyu ko duka ukun suka tsaya tare. Lissafi ya nuna yiwuwar hakan ita ce 28 cikin 1,000, wato kusan kwana goma a shekara. Idan masu garin suka ga kwana goma ya yi yawa, sai su sayi inji na huɗu. Da shi yiwuwar gazawar za ta sauka zuwa ƙasa da 4 cikin 1,000, wato ƙasa da kwana biyu a shekara.

Da irin wannan lissafi ƙasashe suke kafa wa kansu mizani. A yawancin sassan Amurka an daɗe ana bin ƙa'idar cewa kada ƙarancin injina ya jawo yanke wuta fiye da rana ɗaya a cikin shekara goma. Birtaniya ta sa nata mizanin a kan sa'a uku a shekara. Waɗannan alƙaluma sun shafi ƙarancin wutar da ake samarwa ne kawai, ban da katsewar waya ko ƙonewar taransifoma a unguwa. Duk da haka suna nuna tazarar da ke akwai, domin a Najeriya rukunin Band A, wanda Hukumar NERC ta ƙara wa kuɗin wuta a watan Afrilun 2024, alƙawarin da aka yi masa shi ne sa'a 20 a rana. Sa'a huɗun da suka rage, idan aka tara su, sun kai sa'a 1,460 a shekara.

Sirrin lissafin injina ukun nan shi ne lalacewar ɗaya ba ta da alaƙa da lalacewar ɗaya. A nan ne iska ta sha bamban. Wanda ya dubi fankoki 37 zai iya cewa da wuya su tsaya gaba ɗaya, kuma ta fuskar lalacewar ƙarfe gaskiya ya faɗa. Amma dukkansu iska ɗaya suke sha. Idan ta lafa a Lambar Rimi, duka 37 ɗin ne za su yi shiru a lokaci guda, kamar gonakin da suke shan ruwa daga magudana ɗaya. Duk lissafin da ya ɗauke su a matsayin injina 37 masu zaman kansu zai ba da amsa mai daɗin ji, amma ta ƙarya.

Darajar iska a lokacin buƙata

Hanyar da aka fi amincewa da ita wajen warware wannan matsala ta samo asali ne daga wani injiniyan kamfanin General Electric mai suna L. L. Garver, wanda ya bayyana ta a shekarar 1966. Ga yadda take a sauƙaƙe.

Da farko ana lissafa yawan sa'o'in da wuta za ta gaza a shekara ba tare da tashar iska ba. Sai a saka tashar a cikin lissafin, ana amfani da bayanan iskar wurin na kowace sa'a. Sa'o'in gazawa za su ragu. Daga nan sai a riƙa ƙara buƙata kaɗan-kaɗan, kamar ana ƙara sababbin injinan casa a kan layi, har sai sa'o'in gazawar sun koma yadda suke tun farko. Yawan buƙatar da aka iya ƙarawa shi ne ainihin nauyin da tashar take iya ɗauka. Idan tasha mai megawat 10 ta ba da damar ƙara megawat biyu kacal, to a wajen alƙawari darajarta megawat biyu ce.

Abubuwa uku ne suke ɗaga wannan daraja ko su sauke ta. Na farko, ko iskar tana zuwa a lokacin da buƙata ta fi yawa. Na biyu, yawan tashoshin iskar da suka riga suka shiga layin, domin tasha ta farko takan fi ta goma daraja idan duk a yanki ɗaya suke, tun da ranar da iska ta lafa duk tare za su gaza. Na uku, nisan da ke tsakanin tashoshi. Fankokin da aka rarraba tsakanin Katsina da Sakkwato da tsaunukan Jos ba za su yi shiru a sa'a ɗaya ba kamar waɗanda aka tara a fili guda. A Jamhuriyar Nijar ma, a shekarar 2022 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy a kan shirin tashar Tarka a Jihar Tawa, mai ƙarfin da zai iya kaiwa megawat 250. Idan irin waɗannan tashoshi suka tabbata, aka kuma haɗa su da layi mai ƙarfi, kowace za ta ƙara wa 'yar uwarta daraja.

Rarrabawa tana rage haɗari, amma ba ta kawar da shi. A Jamus akan yi kwanaki a lokacin sanyi babu iska babu rana a kusan faɗin ƙasar, kamar yadda aka gani a watannin Nuwamba da Disamban 2024, lokacin da farashin wuta a kasuwar sari ya yi tashin gwauron zabi, aka koma ga tashoshin gas da kwal da kuma sayo wuta daga maƙwabta.

Kalandar iska da kalandar buƙata a ƙasar Kano

Idan za a yi wannan lissafi domin Madobi da Kura da Bunkure, dole a ajiye kalanda biyu a gefen juna.

Kalandar iska sananniya ce ga kowane manomi. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu ce daga arewa maso gabas, mai ɗorewa amma mai ƙura. Ƙurar takan manne a farfela ta rage mata aiki, ta kuma shiga cikin inji. Da bazara iska takan juya, zafi ya tsananta, kuma iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, saboda haka ko gudunsu ɗaya ne, wutar da take bayarwa ta fi kaɗan. Farkon damina yana zuwa da hadari mai guguwa, wadda cikin 'yan mintoci za ta iya kai fanka ƙololuwar ƙarfinsa, ta kuma wuce iyaka ta sa ya kashe kansa. Daga ƙarshen damina zuwa farkon kaka iska takan lafa.

A cikin yini ma akwai bambanci. Kusa da ƙasa iskar rani takan yi ƙarfi da hantsi, ta yi sanyi da yamma. A can sama kuwa, daga mita 100 zuwa abin da ya fi haka, a yankin Sahel takan ƙarfafa da dare zuwa asuba. Ke nan tsawon turke yana iya sauya sa'o'in da tasha take ba da wuta. Fanka mai mita 55 da na zamani mai fiye da mita 100 ba iska ɗaya suke gani ba, ko da a gona ɗaya aka kafa su.

Kalandar buƙata kuma tana da nata tsari. A birni buƙata takan kai ƙololuwa daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da ake kwana da fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Mafi yawan wutar da babban layin ƙasa ya taɓa ɗauka zuwa farkon 2025, wato megawat 5,801, an same ta ne a ranar 4 ga Maris na shekarar. A yankin noman rani kuwa, injinan ban ruwa sun fi aiki da rana a lokacin zafi, masu casar shinkafa sun fi buƙata bayan girbi, masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa kuma, a shekarun da ta yi aiki, aikinta ya bi kakar tumatir.

Inda kalandun biyu suka haɗu, iska tana da daraja. Casar shinkafar damina da ake yi a cikin hunturu ta dace da lokacin iska. Inda suka saɓa, kamar daren bazara mai zafi da ganye ko motsi ba ya yi, dole a san abin da zai riƙe layin.

Shekara dubu a cikin kwamfuta

Tun da abubuwan da ke shiga lissafin suna da yawa, masana sukan yi amfani da hanyar gwaji da ake kira Monte Carlo, sunan wani gari da ya shahara da gidajen caca, domin hanyar ta ginu ne a kan jefa ƙuri'a. Ana ba kwamfuta tarihin iska, da tarihin buƙata, da tarihin lalacewar kowane inji da kowane layi. Sai ta ƙirƙiri shekara guda sa'a bayan sa'a: a wannan sa'a iska kaza ce, injin kaza ya tsaya, buƙata kaza ce, wuta ta isa ko ba ta isa ba. Sai ta sake wata shekarar da wani haɗin, har sau dubbai. A ƙarshe a duba sau nawa aka gaza, tsawon wane lokaci, kuma wuta nawa aka rasa. Farfesa Roy Billinton na Jami'ar Saskatchewan da ke Kanada yana cikin waɗanda suka fi yin fice wajen gina wannan fanni.

Amfanin bin sa'o'i a jere shi ne yana bambanta gazawar sa'a ɗaya sau ashirin da gazawar sa'a ashirin a jere. Ga mai ɗakin sanyi da ya ajiye tumatir ko kifi, bambancin nan shi ne tsakanin ɗan jinkiri da asarar kaya gaba ɗaya.

Amma kwamfuta abin da aka ba ta take dafawa. Tashoshin hasashen yanayi, irin na Hukumar NiMet da ke filayen jiragen sama, suna auna iska ne a tsawon mita 10 bisa ƙa'idar duniya, domin amfanin matuƙa jirgi da manoma. Bankunan da ke ba da rancen gina tashar iska sukan nemi a kafa ma'auni a ainihin wurin, a tsawon da ya kusanci na fankan, a auna na aƙalla shekara guda, sannan a gwada sakamakon da bayanan shekaru masu yawa don a gane ko shekarar da aka auna mai albarka ce ko mai ƙaranci. Wanda ya yanke hukunci da iskar shekara ɗaya kamar wanda ya sayi gona ne don ya ga damina ɗaya mai kyau.

Daƙiƙoƙin farko bayan tangarɗa

Isar wuta wani abu ne, tsayuwar layi a lokacin girgiza kuma wani abu ne daban. Babban layin Najeriya yana aiki ne a kan bugu 50 a daƙiƙa. Idan babban inji ya faɗi ba zato, bugun yakan fara sauka nan take. Manyan injinan Kainji da Jebba da Shiroro, da na gas irin na Egbin, suna da nauyin ƙarfe mai juyawa wanda yake rage saurin saukar, ya ba masu kula damar ɗaukar mataki. Yawancin fankokin zamani ta na'urorin lantarki suke haɗuwa da layi, saboda haka ba sa ba da wannan tallafi sai an tsara su musamman.

Abin da ya faru a Jihar Kudancin Ostireliya ranar 28 ga Satumban 2016 ya zama darasi ga duniya. Guguwa ta kayar da turakun manyan layuka, wuta ta yi ta rawa sau da dama a cikin ƙasa da minti biyu. Tashoshin iska tara suna da wani saiti na kariya da ke sa su janye idan rawar ta maimaitu, sai suka rage kusan megawat 456 a lokaci guda. Layin da ke kawo wuta daga jihar maƙwabta ya yi nauyi ya katse, jihar baki ɗaya ta shiga duhu. Bincike ya nuna masu kula da layin ba su san da wannan saiti a wasu tashoshin ba. An gyara saitin, kuma a ƙarshen 2017 aka kafa babban batir mai megawat 100 a Hornsdale. A yau jihar ta fi dogaro da iska fiye da wancan lokaci.

A Jihar Texas ta Amurka kuwa, lokacin tsananin sanyin Fabrairun 2021, wasu sun yi gaggawar ɗora wa iska laifi. Binciken hukumomi ya nuna fankoki sun daskare, amma kaso mafi girma na wutar da aka rasa daga ɓangaren gas ya fito. Ma'ana, lissafin aminci dole ya duba abin da zai iya kayar da injina da yawa a lokaci guda, kowane iri ne. A Najeriya ƙarancin gas da fasa bututu suna yi wa tashoshin kudu irin abin da lafawar iska take yi wa fankoki.

Wuta ba ta tafiya sai da hanya

Mutanen Kano ba sa buƙatar misali daga waje a kan wannan. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka shafe kusan kwana goma a cikin duhu, alhali injinan kudu suna aiki. Kenya ma ta ɗanɗana irin wannan: an gama kafa fankoki 365 na Turkana a 2017, amma layin da zai kwashi wutar, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammala ba sai a 2018.

Wannan yana da fuska biyu ga Arewa. Tashar da ke kusa da masu amfani da ita tana rage dogaro da dogayen layukan da ke zuwa Kumbotso daga nesa. Amma yawancin tashoshin iska da na hasken rana an ƙera su ne su bi bugun babban layi, idan ya faɗi su ma sai su tsaya, ko da iska tana kaɗawa. Kafin su riƙe gari su kaɗai, sai an haɗa su da batir ko injin ruwa da zai ja ragamar bugun.

Abin da Tiga za ta iya yi

A nan ne yankin Madobi da Kura da Bunkure yake da abin da wasu wurare ba su da shi. Madatsar Ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, kuma ita ce uwar Shirin Noman Rani na Kogin Kano. Gwamnatin Jihar Kano ta gina tashar lantarki mai megawat 10 a jikinta. Akwai kuma tashar hasken rana mai megawat 10 a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, wadda aka buɗe a Janairun 2023.

Injin ruwa ana iya ƙara masa ƙarfi ko a rage cikin mintoci. Idan iska tana kaɗawa ko rana tana haskawa sai a riƙe ruwa, idan sun ja baya sai a sake shi. Da haka madatsa take zama rumbun ajiyar wuta, kuma darajar fankokin da ke kusa da ita takan ƙaru.

Sai dai ruwan Tiga yana da masu shi. Manoman shinkafa da alkama da tumatir suna jiransa a kan lokaci, birnin Kano yana sha daga kogin, masunta da makiyaya da manoman fadamun Haɗeja da Nguru su ma da shi suke rayuwa. Manomin da gonarsa take ƙarshen magudana ya fi kowa sanin cewa cikar madatsa ba ita ce isowar ruwa ba. Idan aka riƙe ruwa don iska ta wadata a makon da shinkafa take fitar da kai, an gyara wuta an ɓata noma. Saboda haka lissafin dole ya ƙunshi jadawalin ban ruwa, kuma dole Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da gwamnatin jiha, da kamfanin KEDCO, da masu kula da babban layi su zauna a kan teburi ɗaya da ƙungiyoyin manoma.

Tambayoyin da suka kamata

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta sa ido a kanta. Wannan yana nufin shawarwarin da a da ake yankewa a Abuja za su riƙa zuwa teburin ma'aikatan jiha da 'yan majalisa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Duk lokacin da aka zo da maganar tashar iska, akwai tambayoyin da amsarsu ta fi adadin megawat muhimmanci.

A wane tsawo aka auna iskar, kuma na wata nawa? Wuta nawa ake sa ran samu a kowane wata, musamman a watan da ya fi ƙarancin iska? Megawat nawa tashar za ta iya lamuncewa tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare a bazara? Mene ne zai riƙe layin idan iska ta lafa kwana uku a jere, kuma wa zai biya kuɗinsa? Idan babban layin ƙasa ya faɗi, tashar za ta ci gaba da aiki ko za ta tsaya? Wa zai riƙa gyara, kuma a ina kayan gyaran suke?

A ƙasar da wuta ba ta isa ba, duk abin da fanka ya samar zai samu mai saye, kuma kowace sa'a da ya yi aiki ragin man dizal ce ga mai injin casa a Kura da mai injin ban ruwa a bakin kogi a Madobi, waɗanda tsadar mai ta matsa wa tun bayan cire tallafi a 2023. Wannan riba ce ta gaske. Amma ragin mai daban, alƙawarin wuta daban. Mai masana'anta zai ci gaba da ajiye janaretansa, da mai gyaransa, da jarkokin mansa, har ranar da aka nuna masa a rubuce sa'a nawa zai samu a watan da ya fi kowane wata wahala, aka kuma cika.